Suna na Goma Sha Uku

Sau huɗu ke nan shugaban ma'aikata yana kashe laftof ɗin ofis yana kunnawa. Alamar sabis a cike take, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Saura minti ashirin manaja ya shiga taro, kuma tun jiya ya ja masa kunne: in rahoto bai iso ba, a bakin aikinka.

Ya rungumi laftof ya gangara wurin mai kula da kwamfutoci.

“Ɗan'uwa, rufa min asiri. Wayata na shiga intanet, wannan abar ta ƙi.”

Mutumin ya ɗan latsa, ya jawo wata takarda. “Lafiyarta ƙalau, Yallaɓai, ni na toshe ta da safe. Ba kai ka aiko sunayen waɗanda aka sallama ba? Mutum goma sha uku.”

“Sha biyu na rubuta!”

“Ga naka a ƙasa, har da sa hannu. Ni duk sunan da na gani rufewa nake.”

“To buɗe mana!”

“Ina ni ina taka dokarka, Yallaɓai? Kai ka ce kada a buɗe wa kowa sai saƙo ya zo daga laftof ɗinka.”