Ranar Miƙa Makullai

Ranar da magajin gidan ya dawo, mahaifiyarsa tana bakin rumbu, takalmanta duk taɓo.

Yana ɗan shekara bakwai ta tura shi hidima fadar Yarima, kamar sauran 'ya'yan sarauta na gaɓar kogin Elbe. Tun rasuwar mijinta take riƙe masa gonaki da daji. Duk wasiƙar da ya aiko yana roƙon ta zo, amsa ɗaya ce: sai bayan girbi. Haka shekara goma sha takwas ta wuce.

Ta goge hannu, ta miƙa masa makullai bisa al'ada.

"Sannu da ƙoƙari, baiwar Allah," ya ce. "Je ki gaya wa mahaifiyata na iso."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta rusuna.

"To, ranka ya daɗe."