In Magana Ta Yanke, Ka Zauna

Ni da kuke gani, ɗakin tura jini ɗaya ne a zuciyata, na sauran mutane kuwa biyu ne. A lakkwal ban wuce aji huɗu ba, amma wannan darasin na riƙe shi, don da zare aka rubuta mini shi a ƙirji, can Faransa.

Da aka dawo da ni Arlit, Inna ta hana ni buga balo da yara a fili, ta hana ni ko leƙa ƙofa. Wata la'asar Baba ya taso daga aikin kamfani, ya tarar da ni zaune kamar tulu. Ya ce, "Tashi mu je bayan gari."

Inna ta ce, "Malam, yaron da aka ɗinke?"

"Ɗinke shi aka yi, ba a ce a ninke a ajiye ba."

A hanya ya ce, "Lokotoron da ya yi maka aiki a asibiti ya ce ka riƙa tafiya kana magana. In magana ta yanke, ka zauna." Na ba shi labarin akuyar maƙwabta, na ƙara da ƙarya, har muka kai tudun yashi ban yi shiru ba. Baba ya kau da kai, yana ta gyaran hula.

Yanzu shekaru sun ci rabonsu. Tsakanin gida da masallaci sai na zauna gun mai shayi numfashi ya dawo, amma da ƙafata nake zuwa. Masu cewa na cika surutu, ku yi haƙuri, magani nake sha. Ranar da kuka ji na yi shiru, ku kawo kujera.