Sirdin Keken Gwadabe

Gwadabe ya durƙusa a harabar gidansu Hindatu a unguwar Bani Malik, can ƙasa mai tsarki, gaban kekensa na hawan dutse. Da ido kawai ya auna tsayinta, ya sauke sirdin, ya matso da kan keken don kada bayanta ya gaji.

"Iƙamata ta ƙare, ba ni da sauran izinin zama a ƙasar nan," ya ce. "Ki aure ni mu tafi Jos. Can ba mai hana mace hawa keke."

Ta daɗe tana shafa sirdin, sannan ta waiwayi ɗakin da mahaifiyarta ke kwance ba lafiya.

"Mayar da shi daidai tsayinka, Yaya Gwadabe."

Ya ɗauki sufana, hannunsa ya ƙi juyawa. Haka ya tura keken ya fita, sirdin na nan daidai tsayinta.