Gurbi a Jeren Inna

Kakata, Inna, tana da ɗan ƙaramin ɗaki da ta ƙera cikin kwalin sukari, lokacin muna unguwar Gidan Igwai. Gadon gwangwanin kifi ne, katifar kuma ƙyallen atamfa. A gefe ga jeren kwanuka na marafan lemo, ta goge su da toka har suna sheƙi.

Wata la'asar ina leƙen ɗakin, na lura da gurbi a tsakiyar jeren. Na zaci ɗaya ne ya faɗi. Na je bakin shagon maƙwabcinmu na tsinto marfi, na wanke, na cike gurbin, ina jiran yabo.

Inna ta sa farce ta cire shi.

Na ce, "Inna, ba ɓata ya yi ba?"

Ta ce, "Bai ɓace ba, ɗiyata. Wanga kwano tuwo anka kai ma maƙwabta da shi, sai gobe shi dawo. Ina kinka taɓa ganin jeren mai girki cike?"

Yanzu ina zaune Sama Road, a gida mai doguwar katanga. Jiya na buɗe kabad, na tsaya ina kallon kwanukana. Duk suna nan, ko ɗaya bai fita ba.