Kwamfutar Ari Ta Sha Turare

Ranar Talata, 17 ga Yuli, 2012, gari ya waye da yayyafi a Koki, kwamfutar Ari kuma ta ƙi yin minti uku a kunne. Sai ta ɗau zafi, ta yi gurnani, ta mutu.

Aikin Dije ne, matarsa. Bakanuwa ce da ta auri ɗan gidan Barebari, ta kuma ƙudurta ba wanda zai ce ba ta iya turare ba. Tun da aiki ya kai Ari Maiduguri ya bar kwamfutar a gida saboda binciken sojoji a hanya, duk Juma'a Dije ke buɗe ta, ta kifa a kan kaskon turaren wuta tare da rigunansa. Wata biyar ke nan. Yanzu kafofin iskarta sun toshe da baƙin danƙo, maɓallanta na kama yatsa.

Ga shi jiya direba ya kawo wasiƙar Ari, rubutun hannu, ta neman a mayar da shi Kano. Ari ya ce a buga ta da na'ura, a sa a gidan waya kafin la'asar ɗin yau. In ta makara, sai ya ƙara shekara yana kwana cikin ƙarar bindiga. Yarinyar da ke buga takardu a shagon unguwa ta koma garinsu tun harin bama-bamai na Janairu, mai shagon kuwa fitar da takarda daga inji kawai ya iya.

Dije ta ɗauko soso da ruwan sabulu.

“Ke 'yar nan, kwanon tuwo ne?” Surukarta ce, Ya Kaka, daga kan tabarma, tana tsintar shinkafa da tabarau a karan hanci. “Zare wayar tukuna. Ki cire mata abincinta.”

Dije ta ɓoye murmushi, ta cire batir. Tsohuwar da ko wayar hannu sai an danna mata! Amma ba ta da wata dabarar, sai ta bi.

Ta kifa kwamfutar ta bubbuga bayanta a hankali. Ta bi kafofin iska da busasshen buroshin haƙori har danƙon ya zube. Gilashin kuwa tsohon ɗankwali mai laushi aka ɗan jiƙa, aka matse kamar ba a jiƙa ba, ta shafa ba dannawa. Ya Kaka ta aika a ciro gashin kaza, ta nuna mata yadda ake zura shi tsakanin maɓallai, layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa. Ta sa aka ɗiga sifirit a auduga, ta hana a zuba a jiki.

“Ya Kaka, ashe kin san gyaran keken ɗinki.”

“Ƙarfe ai duk ƙarfe ne,” in ji tsohuwar, yatsunta na kaɗawa a gefen faranti.

Da ta bushe aka mayar da batir, ta kama lafiya lau, ba gurnani. Sai dai babu wuta tun jiya, kuma alamar caji ta nuna saura minti tara. Dije ta buɗe farin shafi, ta fara farautar haruffa da yatsa ɗaya. Minti biyu ta ci kafin ta rubuta kwanan wata. Shafi biyu ne cif, da Turancin Ari mai kama da tafiyar tururuwa.

Ta figi mayafi ta ruga gidan Gwaggo Tani, maƙwabciyarsu, roƙon a tayar da janareto. Babu man fetur. Da ta dawo, gilashin ya yi baƙi. Wasiƙar Ari na jingine da fulas, Ya Kaka na tsintar shinkafarta.

Dije ta rungumi kwamfutar zuwa shago, ta yanke shawarar ko yini za ta yi sai ta gama da yatsanta ɗaya. Tsohuwar ta ce ita ma za ta miƙe ƙafa.

Mai shagon ya jona kwamfutar da janaretonsa, shafin ya dawo. Wasiƙa ce cikakkiya, tun daga adireshi har gurbin sa hannu, gefe da gefe a daidaice, har an gyara kalmomi uku da Ari ya karkata. Dije ta yi hamdala. Lallai Ari ya taɓa bugawa tun kafin ya tafi, ya manta. Halinsa ne. Mai shagon ya fitar mata da takardar daga inji.

Shinge biyu na sojoji suka wuce a ƙafa kafin su isa gidan waya. Ya Kaka ta karɓi takardar, ta ninke ta gida uku, ta zura a ambulan, ta manna kan sarki. Dije ta jefa a akwati saura minti goma a rufe.

Tsohuwar ta murza yatsunta, ta yi tsaki.

“Injinan zamani ba su da ladabi. Injin tafireta da na yi shekara uku ina bugawa a ofis a Kaduna lokacin yaƙin basasa, in na kai ƙarshen layi ƙararrawa yake kaɗa mini.”