Kaskon Jego a Al Qusais

Ɗaki guda Labaran yake haya a wani flat a unguwar Al Qusais ta Dubai, inda iyalai uku suke raba falo da kicin, suke kuma raba kuɗin wuta daidai da daidai. Shi ma'aikaci ne a wani siton cargo. Da matarsa Ummulkhair ta sauka lafiya a watan Janairu, lokacin da iskar teku ke kaɗawa da sanyi, sai ya matse kansa ya ɗauko mahaifiyarta, Inna Suwaiba, daga Kano don ta yi mata jego.

Inna ta zo da busasshen ganyen darbejiya, da kanwa, da ƙa'idarta: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, ɗaki kuma da ɗumi kullum. Hitar banɗaki ba ta hutawa, ta ɗaki ma haka.

A ƙarshen wata Aminullahi, wanda flat ɗin ke hannunsa, ya tare Labaran a bakin lif.

"Habibi, gidan burodi ka buɗe a ɗakinka ne? Ka ga kuɗin wutar da aka turo?"

"Jego ne, Oga. Da an yi arba'in shi ke nan."

"Jegon matarka ne, ba na matata ba. Maƙwabcinka Bashar ya ce shi ba zai biya ba. In na wata mai zuwa ya zo haka, khalas, magana ta ƙare, ka nemi wani wuri. Akwai masu jiran ɗakin."

Labaran ya san abin da neman ɗaki yake nufi a garin nan, ga jaririyarsu Bilqis, ga baƙuwa, ga albashin da ke ƙarewa tun wata bai raba ba. Ya kuma san ba zai iya duban idon surukarsa ya ce ta rage ruwan zafi ba. Sai ya raɗa wa Ummulkhair. Amma ɗaki ɗaya ne, Inna ta ji.

"Ɗan nan, kada ka sa wa ranka damuwa," in ji ta. "Mu da lantarki muka yi jego? Samo min gawayi da kasko. Duk 'ya'yana a gefen garwashi na raine su, ga su nan garau."

Zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya yi karatu, ya taɓa jin wani abu game da gawayi a rufaffen ɗaki. Amma kunya ta riƙe masa baki, kuma ba shi da wata dabarar. Ranar Juma'a ya je Al Ras wajen masu turaren wuta ya sayo.

Inna takan hura shi a baranda har ya yi jajir, hayaƙin ya ɗauke, sannan ta shigo da shi. Ranar farko na'urar gano hayaƙi da ke rufin ɗakin ta ɗauki ƙara. Bashar ya leƙo yana dariya.

"Sa mata safa mana, ɗan gari. Haka kowa ke yi in zai yi turare."

Aka sa mata safa. Matar Aminullahi ta ce warin yana shiga ɗakinta, sai Inna ta riƙa cusa zani a ƙarƙashin ƙofa. Taga kuwa a kulle take, kada iska ta bugi mai jego. Duk gidan sun sani. Ba wanda ya ce uffan, tunda an daina kunna hita.

"Abban Bilqis, kaina kamar zai tsage," Ummulkhair ta ce masa wata safiya.

"Sanyi ne bai gama fita ba," Inna ta amsa. "A ƙara ɗumi."

A ranar ya kira Ummulkhair daga wurin aiki bayan Azahar, ba ta ɗauka ba. Ya ce barci ne. Da ya dawo ya tura ƙofa, zanin ya cije, sai da ya sa kafaɗa. Inna na yashe a kan darduma. Ummulkhair ta jingina da bango, kanta ya langaɓe. Bilqis na kan cinyarta, kamar mai barci.

A asibiti manyan biyu sun farfaɗo. Bilqis ba ta farfaɗo ba.

Likita ya ce garwashi, ko babu hayaƙi, yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Labaran ya tuna ɗakunan gida, masu asabari a ƙofa da rata a ƙarƙashin kwano. Na nan kuwa an gina su ne don kada iska ta fita.

Kafin gari ya sake wayewa 'yan gida da ke Dubai sun tara gudunmawar jana'iza. Aminullahi ne ya fara sakawa, Bashar ya biyo. Labaran ya dubi abin da aka tara a wayarsa, ya ga ya isa biyan wutar flat ɗin gaba ɗaya har a gama jego, da saura. Ya ajiye wayar. Kowa ya riƙe hannunsa sai ya ce ƙaddara ce, ya amsa da to. Inna kuwa ta juya fuskarta bango, ba abin da take maimaitawa sai, "Ni na ce a kawo. Ni na ce."

Jama'a, mu daina fakewa da ƙaddara a kan abin da muka gani da idonmu muka yi shiru. Kada a shigar da gawayi rufaffen ɗaki, kada a toshe na'urar gargaɗi, ko wa ya ce, ko nawa kuɗin wuta ya kai. Kuma in ɗan'uwa ya kasa biyan wuta, a tara masa tun 'yarsa tana numfashi, ba sai za a sayi likkafani ba.