Manhajar da Alhaji Ya Zaɓa

"Manhaja biyu gare ni, Alhaji," in ji Kamaluddeen, mai shagon zuba bidiyo a waya a unguwar Kabalaye. "Ta farko tana juya su ɗaya bayan ɗaya, hoto ya fito tas. Ta biyu tana kwashe su gaba ɗaya, amma hoto yana dushewa, kuma tana goge na asali."

Alhaji Mijinyawa, dillalin shanu, ya miƙa masa katin kyamara da wayarsa. Bidiyon shanu ne fal, zai nuna wa masu saye a Maiduguri.

"Ta biyun."

"Alhaji, ko shaidar jikin saniya ba za a gani ba."

"Na ce ta biyun. Kalas, magana ta ƙare."

Kamaluddeen ya danna. Kowane bidiyo sai ya haska a allo, sannan ya dushe.

Can sai ga wani farin bijimi mai karyayyen ƙaho, da tsaga biyu a kunnen hagu. Kamaluddeen ya matso kusa da allon. Shaidar mahaifinsa ce, ta garken da ɓarayi suka kore a Gassi da daminar bara. Tun ranar tsohon bai sake tashi daga shimfiɗa ba.

Kamaluddeen ya yi ta danna maɓallin tsayawa, kwamfutar ta ƙi ji. Bijimin ya narke ya zama farin tabo.

Alhaji ya karɓi wayarsa, ya duba, ya yi murmushi.

"Aikinka na kyau, ɗana. Ka gaida mini Baba. Ya jikin nasa?"